Maigidana ya ƙuntata mana don ya gama biyan bashin gida da wuri

Anti, assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kaduna, yarana uku: babbar shekararta shida, mai bi mata uku, sai na goye ɗan wata goma. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, albashinsa wajen naira 280,000. Bara Allah ya ba mu gida mai ɗaki biyu ta lamunin asusun gidaje na ƙasa, bashin miliyan 10 da za a biya cikin shekara 20, ana cirar kusan 71,600 duk wata. Tun da muka tare ya ce ba zai iya barci da bashi mai ruwa a kansa ba, ya ɗora wa kansa ƙarin 100,000 kowane wata don ya gama kafin shekara shida. Abin da ya saura shi ne cinmu, shi ne kuɗin motarsa, shi ne kuɗin makaranta. An daina sayen ƙwai da madara, nama sai wata ya zagayo. Sito a kulle yake, da gwangwani yake auno min. Watan jiya mai shekara ukun ta yi zazzaɓi, sai da na ranto kuɗin magani a maƙwabta. Yanzu kuma ya ce in sayar da sarƙa da 'yan kunnen zinaren da mahaifiyata ta ba ni a zuba a bashin. Ba mugu ba ne, Anti, shi ma takalminsa ɗaya. In na yi magana sai ya ce ba na so mu fita daga riba. Ni ce mai gajen haƙuri?

Uwar yara uku, Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ba gajen haƙuri gare ki ba. Macen da take shayarwa, ta kwana zaune da yarinya jiki zafi rau, gari ya waye ta saka hijabi ta je ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta neman kuɗin magani alhali mijinta yana ɗaukar albashi, tana da bakin magana. Amma kada ki bari ƙawaye su zuga ki a kansa. Maza nawa ne za su samu ragowar dubu ɗari su hana kansu takalmi, su kai ta inda za ta zama rufin asirin iyali? Tsoron da yake ji kuma yana da tushe. Ya zo a hadisi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, ga kuma tsoron riba. Mutumin kirki ne da ya sa wa kansa gudun da ya fi ƙarfin gidansa. Don haka maganar da za ki kai masa ta saurin ce kawai. Niyyarsa ki bar masa ita, ki ma taya shi.

Na zauna da alƙalami na buga lissafin bashin naku yadda ake buga irinsa: miliyan 10, ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, wanda shi ne abin da ake ɗorawa a lamunin asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, tsawon shekara 20. In aka bar shi a kan 71,600 har ƙarshe, abin da zai fita daga aljihunsa ya ɗan haura miliyan 17, wato sama da miliyan 7 ruwa ne zalla. A watan farko ma, cikin 71,600 ɗin nan, 50,000 ruwa ne, 21,600 kacal ke taɓa uwar kuɗi. Duk wanda ya ga wannan dole cikinsa ya ɗuri ruwa, kuma ina kyautata zaton abin da maigidanki ya gani ke nan ya fara gudu.

To ga abin da wataƙila bai lissafa ba. In ya ƙara 40,000 kawai duk wata, lissafi daga farkon bashin, zai gama cikin shekara 10, ruwan ya sauko zuwa wajen miliyan 3.3. Da ƙarin 100,000 da yake yi yanzu, zai gama a shekara 5 da wata 9, ruwan ya tsaya ƙasa kaɗan da miliyan 1.9. Ki duba da kyau. Dubu arba'in na farko sun share masa shekara goma cur. Dubu sittin da ya ɗora a kansu shekara huɗu da wata biyu kawai suka rage. Ko 20,000 ya ƙara, bashin shekara 20 zai koma na shekara 13 da ɗoriya. Mafi yawan amfanin biya da wuri yana cikin ƙarin farko, sauran kuma wahalarsa ta fi ribarsa. Waɗannan dubu sittin ɗin su ne ƙwan yaranki da madararsu da maganin zazzaɓinsu. Da su a hannu, abin da zai rage muku a wata zai tashi daga wajen 108,000 zuwa wajen 168,000, kuma duk da haka kun raba shekarun bashin gida biyu.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne ɗan wata goman nan da ke, mai shayar da shi. Ma'aikatan lafiya suna yawan maganar kwana dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A wannan ɗan lokaci ne ƙwaƙwalwa da ƙashi suke ginuwa da sauri, kuma yaron da ya tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki a lokacin, da wuya ya cike gibin daga baya ko da an wadata. Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure suke, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Da yawansu ba sa kwana da yunwa. Ciki yana cika da tuwo da shinkafa da taliya, amma babu abin gina jiki a ciki. Banki ya yarda ya jira ku shekara 20, da sa hannu da hatimi. Ɗanki wata goma sha huɗu suka rage masa ya cika shekara biyu. Kada garin neman gira a rasa ido.

Kuma ciyar da yaro da kyau ba sai da madarar gwangwani mai tsada ba. Ki samu gero ko dawa, da waken suya, da gyaɗa, ki soya kowanne daban sama-sama har ƙamshi ya tashi, ki murje ɓawon waken da na gyaɗar, ki haɗa da ɗan busasshen kifi ki kai inji. Ki zuba garin a roba mai murfi. Kullum da safe ki dama masa da kauri, yadda ba zai zube daga cokali nan take ba, ki ɗiga masa manja ko man gyaɗa. 'Yan uwansa ma su sha, ke ma ki sha. Ƙwai ɗaya da aka dafa aka marmasa a abincinsa, sau uku ko huɗu a mako, ya fi duk wani biskit. Wake, awara, alale, zogale, alayyahu, kindirmo, 'yar hanta ta ɗari biyar in an samu: waɗannan su ne abin da ba za a taɓa ba ko da za a rage komai. Ke kuma ki daina barin cikinki don yara su ƙoshi, na san iyaye mata da wannan hali. Nonon da yake sha daga jikinki yake fita.

Akwai wani abin da ya kamata ya kwantar wa maigidanki da hankali. Irin bashin da ya ci yana sauƙi ne da tafiyar lokaci. Kuɗin da ake cira a tsaye suke, 71,600 bana, 71,600 bayan shekara goma, alhali komai na kasuwa yana motsi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kin ga yadda rayuwa ta koma. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi da yake 30,000 a 2019 ya zama 70,000 a 2024. Shi ma albashinsa ba a nan zai tsaya ba, ga ƙarin girma, ga gyaran albashi. Abin da yake cinye kwatan albashinsa yau, nan gaba kaɗan zai zama ƙaramin yanki. Da a ce bashin bankin kasuwanci ne, inda ruwa yake haura kashi 20, da na ce ku gudu da iya ƙarfinku. Wannan na kashi 6 ne, daga asusun da aka kafa a 1992 wanda tun ranar da maigidanki ya fara aiki ake cirar kashi 2.5 na ainihin albashinsa ana zubawa a ciki. Lokacin da ya fi dacewa ya ƙara wuta shi ne nan da shekara biyu ko uku, an yaye ƙaramin, albashi ya ɗaga.

Sannan rancen da kika je nema a maƙwabta alama ce ta babban haɗari. Kuɗin da aka zuba a bashin gida ba sa dawowa. In yau, Allah ya kiyaye, aka kwantar da yaro a asibiti, ko albashi ya makale wata biyu, ba zai je banki ya ce a ba shi ƙarin da ya biya ba. A nan ne mutane suke faɗawa hannun masu ba da rance ta waya, waɗanda ruwansu na wata ɗaya kan fi na shekarar wannan bashin, su kuma bi lambobin 'yan uwa da saƙon tozarci. Mai gudun riba ya tsinci kansa cikin wadda ta fi ta muni. Shi ya sa nake ganin, kafin ya ci gaba da kowane irin ƙari, ya tsaya na 'yan watanni ya tara abin da zai riƙe gidan wata uku, har da 71,600 na kowane wata, a ajiye inda hannu zai kai cikin dare. Ki kuma tambaye shi katin inshorar lafiya. In ma'aikacin tarayya ne, tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIA, ya haɗa da shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. In na jiha ne, Kaduna tana da nata, KADCHMA. Gidaje da yawa ana cirar musu kuɗin amma ba su taɓa zuwa sun yi rajistar yara ba. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa ƙananan yara da damina kyauta ne, kada ya wuce ku, kuma kowa ya kwana cikin gidan sauro.

Batun riba kuwa, kada ki yi jayayya da shi a kai, za ki fāɗi a banza kuma ki ƙara masa taurin kai. Fatawar yadda mutum zai fita daga bashin da ya riga ya shiga ta malamai ce. Ki roƙe shi ku kai maganar gaban malamin da shi kansa ya yarda da shi, amma a faɗa wa malamin komai: albashin, ƙarin dubu ɗarin, shekarun yaran, zazzaɓin watan jiya. Don addinin da ya tsoratar a kan bashi shi ne ya wajabta ciyarwa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ci da tufatar mai shayarwa gwargwadon abin da aka sani. Hadisi ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta waɗanda ciyarwarsu ke kansa, wani kuma ya ce a cikin dinaren da mutum yake kashewa, wanda ya kashe wa iyalinsa ya fi lada. Ƙarin dubu ɗarin shi ya ɗora wa kansa. Cin yaransa Allah ne ya ɗora masa.

Zinarenki kada ki sayar. Zan faɗa miki ba kwana-kwana. Na farko, naki ne, dukiyar mace tata ce a shari'a, miji ba shi da iko da ita sai da daɗin ranta. Na biyu, ko ta fuskar lissafi asara ce. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, zinare kuma dala yake bi. Wanda ya riƙe sarƙarsa a wannan tsakanin bai yi kuka ba. A gidan da babu ajiyar ko sisi, sarƙar nan ita ce abin da ya rage tsakaninku da roƙo ranar da babbar lalura ta zo. In kuma wata rana da kanki kika ga dama ki saka kuɗinki a gidan, daga sana'a ko gado ko zinaren, to a rubuta. A faɗi ko kyauta ce, ko rance, ko kuma kin sayi kaso ne a gidan, da shaidu biyu da sa hannu. Kada ki ji kunya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Gidan da sunansa yake. In ta Allah ta kasance, rabon matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, in akwai abokiyar zama kuma a raba tsakaninsu. Mata da yawa sun zuba gumin shekaru a ginin da ranar rabon gado ba wanda ya tuna da bulo ɗaya nasu. Mijin da ya san nauyin bashi kamar naki shi ya fi kowa cancantar ya fahimci wannan.

Yanzu ke ma ga naki. In kina so ya sassauta, sai ya ga kin shiga tafiyar da gaske. Anko ba dole ba ne, ki je biki da atamfar da kike da ita ki yi wa amarya addu'a. Gudummawa gwargwadon hali. Kayan Sallah kala ɗaya ya ishi yaro, na yau da kullum kuma Kasuwar Barci tana nan da gwanjo mai kyau, ƙanwa ta gaji na yayarta. Makaranta mai suna ba ita ce karatun 'yar shekara shida ba, wadda za a je da ƙafa ta rage muku kuɗin adaidaita. Nama kuwa ku shiga watanda da maƙwabta ko abokan aikinsa, ya fi sayen tsinka-tsinka araha nesa ba kusa ba. Babbar dabarar ita ce kaka. Masara da wake da gero sun fi sauƙi lokacin girbi, musamman in akwai wanda zai auno muku daga wajen Saminaka ko Giwa. A zuba wake a buhun PICS mai ruɓi uku a ɗaure kowane ruɓi tam, ko a jarka busasshiya a cika ta a toshe, ƙwari ba za su ci ba kuma ba sai an sa magani ba. Kuɗin da aka sa a hatsin shekara da kaka sau da yawa sun fi kuɗin da aka kai banki amfani. Abu ɗaya da ba zan ce ku rage ba shi ne abin da yake aika wa mahaifiyarsa, in yana yi.

Kullen siton nan na san ya fi rashin naman ciwo, ko da ba ki faɗa ba. Matar gida ta tsaya da kwano a hannu ana auno mata shinkafa da gwangwani a gaban 'ya'yanta, abu ne mai karya zuciya. Ki gaya masa haka sau ɗaya, a natse, ba a gaban yara ba. Ki ce ya ba ki makullin na wata guda, ke kuma ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta duk abin da ya fita da duk abin da aka saya, har gishiri da ashana. Mutum irinsa da lissafi ake shawo kansa. Kuka da ƙorafi zai ɗauke su raki ne, littafi kuwa zai karanta.

Ranar da za ki yi maganar, ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, nesa da ƙarshen wata. Ki fara da yaba masa, don ya cancanta. Ki ce, “Abban yara, ina tare da kai a kan mu rabu da bashin nan da wuri, amma zo ka ga wani lissafi.” Ki ajiye masa lambobin nan uku, 20,000 da 40,000 da 100,000, da shekarun da kowanne yake ragewa, ki bar shi ya buga da kansa. Kada ki nemi ya daina ƙarin gaba ɗaya. Ki nemi a fara ware na abinci da magani da makaranta, a tara ajiyar wata uku, sannan ya koma kan 40,000. Duk kuɗin da suka faɗo ba zato, ariyas ko alawus ko kuɗin hutu, a raba biyu, rabi bashi rabi gida. Ta haka zai riƙa ganin uwar kuɗi tana raguwa, wanda shi ne abin da ransa yake so.

Ki kuma tura shi bankin da lamunin ya bi ta hannunsu ya karɓo takardar bayanin asusu. Ya tabbatar ƙarin da yake biya ana cire shi daga uwar kuɗi nan take, ba ajiye shi ake yi a matsayin biyan watannin gaba ba, don in haka ne duk wahalar da kuka sha ba ta rage ruwa yadda yake zato ba. Ya tambaya ko akwai tara a kan biya da wuri, ya riƙa adana rasit na kowane ƙari a fayil ɗaya da takardun gidan. Ya duba yarjejeniyar ko akwai inshorar da za ta biya ragowar bashin in mai bashi ya rasu. In akwai, rabin abin da ke hana shi barci ya tafi. In babu, ya rubuta wasiyya ya bayyana bashin da yadda za a biya.

In duk kin yi wannan ya kafe, kada ki fara da kai ƙara gidanku, zai ji an tona masa asiri. Ki nemi yayansa ko kawunsa ko malamin nan, wanda yake jin nauyinsa, ya zauna da ku biyun. Amma abu ɗaya kada ya jira wannan zaman: cikin makon nan ki ɗauki ƙaramin da mai shekara ukun ki kai su asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a ɗora su a sikeli, a auna damtsensu da ɗan tef ɗin nan mai kore da rawaya da ja, a rubuta a katinsu. Ki kawo katin gida ki haɗa shi da lissafin da za ki nuna wa babansu.